Haɗa 'Yar Tankar Yaƙi ta Roba, Yi Mata Fenti da Tsufar da Ita: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sabon shiga ya fi yi da zarar ya buɗe kwali ya ga rassan roba cike da ƙananan sassa, ga takardar umarni mai zane-zane, ya rasa ta inda zai kama. An jera su bisa yadda aikin yake tafiya, daga zaɓen kwali har zuwa ƙurar ƙarshe.

Mene ne 1/35 da ake rubutawa a jikin kwali?

Ma'auni ne. Yana nufin kowane santimita 1 a jikin samfurin ya tsaya a madadin santimita 35 na tankar gaske. Gangar jikin Tiger I ta Jamus ta kai kusan mita 6.3, don haka a wannan ma'auni za ta zo wajen santimita 18, ban da bututun igwa. Kamfanin Tamiya da ke Shizuoka a Japan shi ya yaɗa wannan ma'auni. Tankarsu ta Panther ta farkon shekarun 1960 mai tafiya da batir ce, an yi ta daidai girman da zai ɗauki batir da inji, da aka auna sai ta faɗo a kan 1/35. Sauran kamfanoni suka biyo baya, har ya zama a nan ne aka fi samun tankoki, sojoji da kayan ƙari.

Akwai 1/72 da 1/76 ga wanda wurin ajiyarsa ya yi kaɗan, akwai 1/48 a tsakiya, sai 1/16 da ke cinye tebur guda. Mutane na ɗauka ƙarami ya fi sauƙi. Ba haka ba ne, domin ƙananan sassansa sun fi wuyar kamawa. Fara da 1/35.

Wane kwali ya dace da mai farawa?

Wanda sassansa ba su da yawa kuma suke zama daram ba tare da kokawa ba. A nan Tamiya ta yi suna. Academy ta Koriya ta Kudu da sababbin kayan Zvezda ta Rasha su ma ba laifi. Dragon, MiniArt, Takom, Meng da Rye Field Model suna fitar da kaya masu kyan gaske, amma wasu kwalayensu na ɗauke da ɗaruruwan sassa, wani har da cikin tanka gaba ɗaya, inji da kujeru da harsasai, waɗanda in ka rufe murfi ba mai sake ganinsu. Bar su sai hannu ya faɗa.

Ka kuma duba ƙafafun tankar kafin ka zaɓa. T-34 tana da manyan ƙafafu 5 a kowane gefe. Tiger I ta farko tana da 24 a kowane gefe, masu shiga cikin juna, kuma kowace sai an kankare ta an zagaye bakinta da baƙin fenti. Nan ne zumuɗin mutane da yawa yake mutuwa. T-34 ko Sherman, masu launi ɗaya tal, sun fi dacewa da aikin farko.

Waɗanne kayan aiki ne dole?

'Yar filaya mai kaifin baki ta yanke sassa, wuƙar sana'a mai canjin reza, sanfefa mai laushi (lamba 400, 600 da 1000 sun isa), hantsaki, gam na roba, sufa gulu, 'yar fila ta toshe rami, salatif na takarda, tsinken sakace da buroshi uku: mai faɗi, matsakaici da siriri. Sai fitila mai haske sosai, wadda a ganina ta fi rabin kayan da ake tallatawa amfani. Sauran duk a hankali ake tara su.

Wane gam ake amfani da shi, kuma me ya sa nawa ke barin tabo?

Robar waɗannan kwalaye folistirin ce, kuma gam ɗinta ba liƙewa yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya. Shi ya sa duk inda ya ɗiga sai ya ci wurin. Mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin ya fi tsafta: ka haɗa sassan biyu a bushe, ka riƙe, ka taɓa bakin mahaɗar da ɗan buroshin, gam ɗin zai bi tsagar da kansa. Ka lura da inda yatsanka yake, don in ya bi ta ƙarƙashinsa zai zana hoton yatsanka a jikin sulke. In ya zuba inda ba ka so, kada ka goge. Ƙyale shi ya bushe sarai har gobe, sannan ka bi da sanfefa.

Sassan tagulla sirara da na resin, wata irin roba mai tauri ta daban, ba sa jin wannan gam, sai sufa gulu. Ɗiga shi a kan wani abu, ka ɗebo da bakin tsinke. In kana goge resin, jiƙa sanfefar ka sa takunkumi, ƙurarsa ba ta shaƙa ba ce.

Dole ne in kankare kowane sashe? Ai fenti zai rufe.

Ba zai rufe ba, tona asiri ma zai yi. Kowane sashe yana fitowa da siririn layi inda ɓarin biyu na mazubin suka haɗu, da ɗan kututture inda ka yanko shi daga reshe, wani lokaci da zagayayyen tabo na ƙarfen da ya turo shi waje. A farar roba da ƙyar ake ganinsu. Da ka fesa fenti, ka zuba ruwan duhu, wato tsinkakken fenti mai duhu da ke bin tsagogi, sai su fito ɓaro-ɓaro, musamman a bututun igwa da bayan ƙafafu da ƙotar shebur.

Kada ka yanke sashe dab da jikinsa, bar ɗan saura ka sassabe da wuƙa. Layin zubi kuwa kankare shi ake yi da bayan reza a tsaye, ba yanka ba. In bututun igwa ɓari biyu ne, sa gam wadatacce ka matse har narkakkiyar roba ta ɗan fito, bari ta bushe, sannan ka naɗe sanfefa a jikinsa kana murzawa, don kada gefe ɗaya ya baje. Wannan ne aikin da ya fi gundura, kuma shi ne ke raba tankar da ta yi kama da ƙarfe da wadda ta yi kama da abin wasan yara. Ba taɓon da zai ɓoye shi daga baya.

Abu ɗaya kuma: gwada kowane sashe a wurinsa kafin ka kawo gam kusa.

Sarƙar tanka fa? Wace iri ce ta fi?

Iri huɗu ake samu. Akwai ta roba mai lanƙwasa wadda take zuwa a ɗamara guda, ita ce mafi sauƙi, sai dai ba ta kwanciya kamar mai nauyi. Akwai mai dogayen yanki da 'yan gaɓoɓi na zagaye ƙafar gaba da ta baya. Akwai wadda ake haɗawa gaɓa-gaɓa, ga Tiger I gaɓa 96 ke nan a kowane gefe. Sai ta ƙarfe irin ta Friulmodel, wadda ake saya daban, kuma nauyinta ke kwantar da ita da kanta.

Abin lura shi ne ba kowace tanka ce sarƙarta ke saki ba. Ta T-34, Panther da Tiger tana kwanciya ne a kan manyan ƙafafun, tunda ba su da ƙananan ƙafafu na sama. Ta Panzer IV da KV-1 tana ɗan lotsawa tsakanin ƙananan ƙafafun sama. Ta Sherman a ɗaure take tamau, in ka sakar mata ciki ka ɓata. In gaɓa-gaɓa kake haɗawa, jera su a kan tebur, bi su da gam mai ruwa, jira kamar minti 20 zuwa 30, ka naɗa su a ƙafafun tun suna da taushi. Ka tabbata gefen biyu suna fuskantar hanya ɗaya, wannan kuskure ne da ko tsofaffin hannu suke faɗawa.

In gama haɗawa duka kafin fenti?

Galibi e. Tanka ba kamar jirgi ba ce, kusan duk jikinta launi ɗaya ne. Ana dai barin kai mai juyawa daban, da ƙafafu da sarƙa in za su ciru. Shebur, gatari da jak, manna su tun farko ka bi su da siririn buroshi daga baya, ka cusa 'yar takarda a ƙarƙashinsu don kare sulken. Gam a kan fenti ba ya kamawa da kyau.

Wane irin fenti zan saya, kuma sai da bindigar feshi?

Gida uku ne. Akirilik mai ruwa, irin Vallejo ta Sifaniya, ba shi da wari sosai, yana daɗin buroshi, amma yana da saurin ɓarewa in ba a yi shimfiɗar farko ba, wato fentin da ake fara fesawa a kan roba don na sama ya kama. Inamel irin Humbrol yana bajewa sumul, sai dai yana jan lokaci kafin ya bushe. Na uku shi ne mai zafin tina irin Mr. Color, ya fi kowane kama roba, ya fi kowane wari, ba a fesa shi sai da takunkumi mai matatar sinadari da iska mai shiga da fita. Akirilik na Tamiya yana tsakani: da barasa aka haɗa shi, yana fesuwa da kyau, amma yana ba da wahala a buroshi. Kowane fenti a sirka shi da tinar gidansu.

Bindigar feshi ba dole ba ce. Gwangwanin feshi zai yi maka shimfiɗar farko da launin tushe, buroshi ya ƙarasa sauran. Sirrin buroshi shi ne shafe biyu ko uku masu ruwa-ruwa, kowane ya bushe kafin na gaba. Shafen farko zai yi muni, kada ka tsorata ka ƙara kauri. In ka sami bindigar, baki mai milimita 0.3 da iska wajen 15 zuwa 20 a ma'aunin PSI na agogon kwamfuresa ya ishe ka kusan komai. Ka sirka fentin har in ka shafa shi a jikin kofi ya gangaro ya bar ɗan launi a baya. In ya sauka da gautsi kamar yashi, ka yi nisa da yawa ko zafi ya busar da shi a iska. In ya yi ƙafafun gizo, ka matso da yawa ko ruwa ya yi yawa.

Ta yaya zan san launin da ya dace?

Da shekarar da wurin da tankar ta yi aiki. Tankokin Jamus na farkon Yaƙin Duniya na Biyu toka-toka ne mai duhu, wanda lambarsa a jerin launukan Jamus ita ce RAL 7021. A Fabrairun 1943 aka koma rawaya mai duhu, RAL 7028, ana ɗora masa kore da ja-ƙasa. Waɗannan biyun a gwangwani ake ba sojoji su dama da kansu, wani da fetur wani da ruwa, shi ya sa ba tankoki biyu da suka fito iri ɗaya. Tarayyar Sobiyet tana da korenta mai suna 4BO, Amurka kuma koren zaitun mai duhu. Wasu tankokin Jamus daga ƙarshen 1943 zuwa Satumban 1944 an yaɓa musu wani kwaɓi mai gurza-gurza, Zimmerit, don hana nakiya mai maganaɗisu mannewa, saboda haka duba ko taka tana cikinsu tun kafin ka fara haɗawa.

Kada ka shiga gardamar wace kwalba ce ainihin launin. Rana, ƙura da masana'anta duk sun sassauya shi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka ɗan haskaka launin tushe, domin duk abin da za ka ɗora a kai duhu zai ƙara masa. Tankokin gidajen tarihi kamar Bovington a Ingila, Saumur a Faransa da Kubinka a Rasha suna da amfani wajen ganin walda da ƙusoshi da yanayin ƙarfe, amma da yawansu an sake musu fenti bayan yaƙi. Tiger 131 ta Bovington, wadda aka kama a Tunisiya a 1943, tana cikin waɗanda aka yi bincike sosai kafin a mayar musu da launinsu.

Me ya sa lambobi da taurarin da na liƙa suke ƙyalli kamar azurfa?

Iska ce ta maƙale a ƙarƙashinsu. Fenti marar sheƙi yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, sitikar ruwa kuma ba ta iya shiga cikinsu. Shafa banish mai sheƙi a wurin tukuna. Tsoma sitikar a ruwa mai ɗumi na daƙiƙa 10 zuwa 20, ajiye ta har ta fara zamewa, tura ta wurinta da jiƙaƙƙen buroshi, ka matse ruwan da auduga daga tsakiya zuwa baki. Ruwan laushi irin Micro Sol zai sa ta bi kan ƙusa da lungu. Za ta yamutse har ka ce ta lalace, kada ka taɓa, da kanta za ta miƙe. In ta bushe, sake rufe ta da banish.

To, tsufarwa, wato sa tankar ta yi kama da wadda ta sha aiki: daga ina ake farawa?

Daga hoto. Nemi hoton tanka ta gaske irin taka, ka yanke shawara tun kafin ka buɗe kwalba: ina take, wane lokaci ne na shekara, ta daɗe a fagen daga ko jiya aka sauke ta daga jirgin ƙasa? Tankar da ke hamadar Libiya a 1942 ƙura ce ke cinta, fentinta ya koɗe. Wadda ke Yukiren a lokacin narkewar ƙanƙara taɓo ne har wuya. Ba a haɗa mata duka biyun. Kowane tabo da za ka sa, ka iya faɗin abin da ya jawo shi. In ba ka da amsa, bar wurin haka.

Salon ma yana sauyawa da zamani. A shekarun 1980 salon François Verlinden na Beljiyam ne ke tashe, wato ruwan duhu mai yawa da goga busasshen buroshi a kowane gefe. Daga baya masu sana'ar Sifaniya, irin su Mig Jiménez, suka kawo salon shimfiɗa siraran launuka hawa-hawa, kuma daga can ne kamfanonin AK Interactive da Ammo suka fito da kwalaben da aka riga aka dama. Suna da kyau, amma fentin mai na masu zane kala huɗu ko biyar da farin tina marar wari za su yi maka mafi yawan aikin.

Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce abin da ke sama kada ya narkar da na ƙasa. In tushenka akirilik ne, yi tsufarwa da fentin mai ko inamel. In tushen inamel ne, rufe shi da banish na akirilik tukuna.

Yaya ake zuba ruwan duhu ba tare da an ɓata komai ba?

Dama ɗan fentin mai ruwan ƙasa mai duhu cikin tina har ya zama ruwa mai launi kawai. Baƙi wuluk ya cika tsanani. Ɗebo da siririn buroshi ka taɓa gindin ƙusa, za ka ga ya zagaye ta da kansa, ka taɓa tsagar murfin inji ya bi layin ya tafi. Kada ka yi wa tankar wanka da shi. Bayan kamar minti 15, wanke buroshi a tina, tsane shi a takarda har ya kusa bushewa, ka share abin da ya fita daga layi, kana ja daga sama zuwa ƙasa yadda ruwan sama yake gangarowa. Ka yi hattara da yawan tina a wajen ƙafafu da ƙananan mahaɗai, yana sa roba ta yi gautsi ta tsage.

Don kashe wa faffaɗan sulke kamanni ɗaya, ɗiɗɗiga ƙananan ɗigo na fentin mai, fari, rawaya da ruwan ƙasa, ka ja su ƙasa da buroshi mai ɗan danshi har su kusa ɓacewa. Matsa fentin a kan kwali ka bar shi ɗan lokaci tukuna, kwalin zai tsotse man, ya fi saurin bushewa kuma ba ya sheƙi.

Ƙwarzanen fenti da tsatsa: nawa ne ya isa?

Ƙasa da yadda zuciyarka ke so. Yi lissafi: tabon milimita 3 a samfurin ya haura santimita 10 a tankar gaske. Yagi ɗan soso, kama shi da hantsaki, tsoma a fenti ruwan ƙasa mai duhu, ka daddanna a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan ka taɓa inda takalmi da hannu suke gogawa: bakin murfin shiga, gefen madogarar hawa, kusurwar maƙarin taɓo, kewayen murfin inji. Tsakiyar sulken da ba mai takawa ba ruwansa da ƙwarzane. A tankokin Jamus jan fenti ne a ƙarƙashi, don haka shi zai fara leƙowa kafin ƙarfe.

Ga farin fentin hunturu da ake wankewa, akwai dabarar man feshin gashi: fesa shi a kan launin tushe, ɗora farin akirilik siriri, jiƙa wurin da ruwa ka goga da buroshi mai tauri, farin zai riƙa ɓarewa kamar na gaske.

Tsatsa kuwa, tankar da ke aiki ba ta ruɓewa. Yawancin na Yaƙin Duniya na Biyu ba su yi tsawon ran da za su yi ja ba. Salansa tana tsatsa saboda zafi, gaɓoɓin sarƙa na ajiya da aka rataye su ma haka. Sarƙar da ke tafiya kuwa ƙasa ce ke goge ta, inda take taɓa ƙasa da haƙoran ƙafa har ƙyalli yake yi, kuma fensir na rubutu ya isa ya ba ka wannan ƙyallin. Motar sulke ta M113 da alminiyam aka ƙera jikinta, wanda ya zuba mata jar tsatsa a sulke ya yi abin da ba ya faruwa. Haka baƙin hayaƙi a bakin igwa: hotuna ba su cika nuna shi ba. A bayan T-34 mai injin dizal ne za ka ga baƙi sosai, ƙarƙashin salansa.

Ƙura da taɓo fa?

Garin kala ake amfani da shi, ko allin zane mai laushi da aka goga a sanfefa. Haɗa kala biyu ko uku, ƙasa ba ta zuwa da launi ɗaya. Zuba shi a bushe a ƙasan jiki da bayan ƙafafu, ka ɗiga tina a gefensa ya tsotsa, kada ka goga. Don taɓo mai kauri, ƙara ɗan garin filasta. Busasshe mai haske yana sama, ɗanye mai duhu yana ƙasa kusa da sarƙa, kuma bayan tanka ya fi gabanta datti tunda can sarƙa ke watsa shi. Fantsama kuwa, ɗebo ruwan taɓon a buroshi ka karta shi da tsinke, amma gwada a takarda tukuna.

Banish ɗin ƙarshe ya yi fari-fari a jikin tankar. Ta lalace ke nan?

Ba lallai ba. Hakan na faruwa in iska na da laima sosai, ko ba a girgiza gwangwanin da kyau ba, ko an fesa daga nesa. Sau da yawa shafe ɗaya na banish mai sheƙi yana mayar da launin, sai ka sake marar sheƙin siriri a ranar da iska ta bushe. Ka kuma sani banish yana dusar da garin kala har ya kusa ɓacewa, saboda haka fesa shi kafin ƙura, ba bayanta ba. Tabon mai da na fetur a kan murfin inji su ne na ƙarshe, domin su ake so su riƙe ɗan sheƙinsu. Daga nan sai a riƙa ɗaukar tankar ta ƙasan jiki, ko a kafa ta a kan ɗan katako, don yatsa yana barin shaida a kan garin kala.